Kunkuruna ya leƙo ya koma

Bayan ruwan jiya, kunkurun da nake kiwo tun ina saurayi ya leƙo daga raminsa, ya shinshina iska, ya koma. Bai taɓa haka ba. Kullum in ya fito, damina ta zauna, sai in yi shuka.

Sai ga maƙwabcina Alhaji Sale da sungumi. Shi ne ya taɓa kai ni ƙara wajen mai unguwa, wai kunkurun ya ci masa wake.

"Malam Audu, malamin namu ya fito?"

"Yau malami ne? Da ɓarawo kake ce masa."

"Haba, a bar tone-tone. Masara zan shuka."

"Ya leƙo, ya koma."

Alhaji ya maida sunguminsa gida. Ni ma ban shuka ba.

Manoman Kafur, ruwan ne na yaudara, ko tsufa ya kama kunkuruna?