Asma'u da Shanun Yakuba

Ni da bakina na jawo wa kaina. An ce akwai injin da za ka gaya wa irin shafin intanet da kake so, ya gina maka nan take. Na ce masa ina son shafin sayar da shanun ƙanena Yakuba, waɗanda fari ya koro daga Tawa. Ya fito da shafi tsaf, har da wurin latsawa a kira ni, ga wasu shanu masu tozo kamar tudu cikin ciyawa shar. Na watsa. Wani mahauci ya taso daga unguwar Bobiel da kamyo, babbar motar kaya, ya tarar da ƙashi da fata. Zagin da na sha har kakata ta samu rabonta.

Haka na nemi Asma'u a unguwar Lamorde.

Ƴar Maraɗi ce. Ta karanta ordinatar, wato kwamfuta, a jami'a, ta yi shekaru tana gina wa ƙungiyoyin agaji shafuka da hannunta. Da sojoji suka hau mulki, wasu ƙungiyoyin suka naɗe tabarmarsu. Waɗanda suka rage suka ce injin ya ishe su, ko sallamar kirki ba su yi mata ba. Yanzu tana lungun shagon ɗinkin yayarta, tana jiran a kawo wuta. Yayar ta ce in wata ya mutu ba aiki, ta rufe ordinatar ta kama almakashi.

Ita ma da injin take aiki, ba ta ɓoyewa. Abin da ke ƙona mata rai, sai mutum ya kwaɓa yake tuna ta.

"Kawu, shanu nawa ke iya tsayuwa?"

"Dukansu, in an riƙe su."

Ko murmushi. Ta kore ni na ɗauko hotonsu na gaskiya. Ta zayyana wa injin: hotuna ƙanana don rezon intanet ba ƙarfi, shekarun kowace, wadda ke da ciki, wadda ba ta kai kasuwa da ƙafa. Ya gina. Mummunan shafi, haƙarƙari a waje. Masu kiwon turke suka fara kira.

Na ce, "To ƴata, ai shi ya yi aikin. Gobe ni zan gaya masa da kaina."

Ta ɗago kai. "Gaya masa, Kawu. Duk ƙaryar da ka yanka zai ce to. Ranar da ya iya ce maka rufe bakinka, ni zan ba shi kujerar nan."