Huɗar Fako Don Ruɗa Kamfani

Da bayana ya gaji da dako a tashar jiragen ruwa, sai na koma tuƙa tarakta a gonar wani dattijo Balarabe, can bayan garin Jidda. Kankana da kuɓewa muke nomawa. Shi kuwa yana gidansa a unguwar Sharafiyya cikin sanyi, yana noma da ɗan yatsa.

Taraktar sabuwa ce, da ɗan akwati ƙarƙashin kujera mai aika komai zuwa wayarsa: inda na bi, man da na ƙona, damshin ƙasa. Ina kashe inji zai kira.

"Me ya tsayar da kai?"

"Salla, ya ammi," nakan ce, wato baffa da Larabci.

"Yalla, yi sauri, tarakta ta ce ka daɗe."

Wata rana ya zo gonar, sai ga wani mai tallar taki a mota mai ƙyalli. Ko ƙasa bai taka ba ya ce gabashin gonar gishiri ya ci ta, kankanar bara ma ba ta yi auki ba. Wannan magana dattijon ko 'ya'yansa bai faɗa wa ba, don yana neman mai sayen ɓangaren. Ya juyo ya harare ni. Na rantse ba ni na faɗa ba. Mai takin ya yi dariya, ya nuna taraktar da haɓa.

Washegari dattijon ya sa na raka shi ofishin dillalin da ya sayar masa da taraktar. Ya buga sanda a tebur.

"Gonata ce! Ku ba ni bayanaina, ku goge naku!"

Ma'aikacin ya ba shi shayi, ya ce ai ranar da aka kunna masa wayar shi da kansa ya danna "na yarda". Gona tasa ce, babu musu, labarinta kuwa na kamfani ne.

"To ku cire akwatin."

"Sai dai injin ba zai tashi ba, ya ammi."

 Muna komawa gona ya yi murmushi irin na wanda ya gano dabara. Ya ce kullum bayan la'asar in fita da tarakta bayan shinge in yi ta huɗar fako, inda ko ƙaya ba ta tsiro, har lissafinsu ya rikice. Na yi ta yi. Duwatsu suka cinye bakin garma, makiyaya suna tsayawa da raƙumansu suna kallona kamar mahaukaci.

Ba a jima ba kamfanin ya kira shi. Muna gona ina tsaye kusa da shi, ya buɗe muryar wayar don in ji yadda za su yi kuka. Wata mata mai ladabi ta taya shi murnar faɗaɗa gona, ta ce sun lura sabon filin yana da tauri, suna da babbar tarakta da za ta dace da shi.

Ya kashe wayar, ya kalli fakon.

"Halas, shi ke nan," ya ce. "Gobe ka koma kan kuɓewa. Kuma garmar nan kai ka lalata ta."