Haruna Mai Juya Ƙwai

Haruna taubashina ne, ɗan goggona. Mako ɗaya aka haife mu a Gyadi-Gyadi, wanzami ɗaya ya yi mana aski, benci ɗaya muka zauna a firamare, kuma wallahi na fi shi lissafi. Ni dai zama wuri ɗaya ne ban iya ba. Na fice daga aji biyar na shiga koyon ɗinki, na bari na koma gyaran keke, na bari na bi wata motar Wudil. Shi kuwa ya lallaɓa ya gama aji bakwai, aka ɗauke shi shara a ɗakin kimiyya na wata makarantar 'yan mata can wajen Tarauni. Kafin shekarar Udoji, wadda aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, sai ga shi da farar riga har gwiwa da sabon keke, unguwa na ce masa Likita. Likitan me? Ƙwai fa yake juyawa!

Ga aikin nasa. Akwai wani akwati mai fitilar kananzir da ake jera ƙwan kaji a ciki don ya sami ɗumi. Sai ya yi wa kowanne alama da fensir, ya riƙa juya su sau uku a rana, har ranar hutu. Kullum da safe ya fasa ɗaya a faranti, ɗalibai su leƙa su zana abin da suka gani.

Duk wannan bai dame ni ba sai da Kulu ta shigo ciki. Kulu 'yar Baba Ɗahiru mai kaji ce, na Darmanawa. Shekara guda ina sintiri a ƙofar gidansu ina ba ta dariya, Baba bai ce na turo magabata ba. Rannan sai ta ce mini, "Wai ina ɗan'uwan nan naka mai farar riga?" Ranar ko tuwo bai shiga ba.

Washegari na je na tsugunna gaban Baba a zaure. Na ce, "Baba, ba gulma ba, amma Harunan nan da ake yabo, 'yan tsaki yake kashewa kullum, ba wuƙa ba bisimilla."

Baba ya ajiye carbi. "A kira mini shi."

Na tafi kiransa har ina tsalle. Shi kuwa gogan, da ya ji ƙarar, sai ya naɗo ƙwai ɗaya a tsumma mai ɗumi, ya ɗauko faranti da wani madubi mai ƙara girman abu. Ya gaida Baba, ya fasa ƙwan a hankali. Ya ce, "Baba, wannan kwanansa uku. Duba nan."

Baba ya kara ido. A kan gwaiduwar akwai jan ɗigo, bai kai ƙwayar gero ba, yana bal-bal.

"Kai! Mene ne ke motsi?"

"Zuciya ce, Baba. Da farko ƙwayar halitta ɗaya ce tak. Ta rabu biyu, biyu suka zama huɗu, har suka yi yawa, duk kamarsu ɗaya. Daga nan sai aka raba musu aiki. Waɗannan suka zama zuciya, bugawa kawai suka sani. Waɗancan za su zama ido. Wasu jini, su ne masu dakon abinci, wasu ƙashi, wasu gashi. Kuma wadda ta kama aikin ido ba ta komawa ta ce ita zuciya ce."

Na yi maza na ce, "Baba, maganar kisan fa?"

Ko waiwayo bai yi ba. "Kai Bilya, a gidanku yanka ƙwai ake yi kafin a soya?" Ya koma kan madubin yana tasbihi. Wai shekara arba'in yana kiwon kaji bai taɓa ganin wannan ba. Ya ƙwala wa Kulu kira ta kawo wa baƙo fura. Baƙo! Ni da na shekara a ƙofar nan ko ruwan randa ba a taɓa miƙo mini ba.

Ita ma ta leƙa, ta tambayi Haruna ko akwai ƙwayoyin da ba su kama aikin komai ba tukuna. Ya ce akwai, suna nan suna jira. Ta dube ni ta ce, "Ashe ga 'yan'uwanka nan, Bilya."

Kafin mu tashi Baba ya ce wa Haruna ya turo manyansa. Ni na kai shi zauren da ƙafata, ni kuma na riƙe masa keke muna komowa, don shi faranti yake ɗauke da shi.

An ɗaura aure bayan kaka. Wai ni ne babban abokin ango, na kuwa ci kaza biyu don huce haushi. Haruna na nan yana juya ƙwansa, an ma ƙara masa girma. Ni yanzu walda nake koyo a Ƙauyen Alu, sati na uku ke nan, kuma wutar nan ta fara damun idona.