Muryar Malam Ummaru a Shagon Imran

A Talata Mafara, in kwamfutar mutum ta mutu da kayansa a ciki, shagon Imran ɗan Uba mahauci ake nuna masa. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a bakin hanyar da ta nufi Bakura, da tebur guda da benci, da fitila mai dogon wuya.

Gidansu gidan fawa ne tun kakanni. Imran ya tashi ya iya fiɗar rago tsaf ba tare da ya huda fata ba, amma hankalinsa na kan rediyo da wayoyin da suka lalace. Da ya gama sakandare ya ce zai tafi Sakkwato koyon gyaran kwamfuta, babansa bai ja ba. Cewa ya yi: "Dut gidan ga wuƙa muka riƙewa. Don guda ya riƙe wani abu daban, ba ta ɓaci ba. Tahi, Allah shi yi albarka."

Ya yi shekaru a can, ya dawo da hali guda da kowa ya san shi da shi. Ba ya alkawari sai ya buɗe ya gani, in kuwa ya ce aiki zai yiwu, to a je a kwanta.

Wata ranar kasuwa, Malama Amatullahi, mai koyar da matan aure a Maradun, ta iso shagon tare da ƙanenta Fa'iz, yana rungume da kwamfutar tebur a cikin buhu. Aka gaisa, aka tambayi gida da ɗiya da hanya da mutanen Maradun, sannan ta faɗi abin da ya kawo su.

Mahaifinsu, Malam Ummaru, ya rasu bara. Shekara da shekaru yana tafsiri a zaurensa duk azumi, yana karantar da fiƙihu bayan la'asar. Fa'iz ne ke ɗaukar muryarsa da waya, ya juye a kwamfuta, ya goge ta wayar don samun wuri. Ranar nan janareta ya turo wuta da ƙarfi, sai suka ji ƙauri, daga nan kwamfutar ba ta ƙara motsi ba.

"Kun sake kunna ta?" in ji Imran.

"Sau guda," Fa'iz ya amsa, kansa a ƙasa. "Wani ma cewa yay yi mu sa ta cikin firij ta kwana."

"Ni nih hana," in ji Malama.

"Kin kyauta, Malama."

Ya kwance kwamfutar, ya zaro had-dis, wato ƙarfen nan mai faɗin tafin hannu da ake adana komai a cikinsa. Ya shinshina, ya juya shi a ƙarƙashin fitila. A jikin koren allon lantarkin da ke maƙale a bayansa akwai baƙin tabo.

"Karatun Malam shina kan faifan da ke ciki," ya ce, "wuta ba ta kai can ba. Allon ga ne yaƙ ƙone, shi ke juya faifan. In na samu irinsa sak, za mu ji muryar Malam da yardar Allah. Ko dukanta za ta hito, wannan ban sani ba tukuna."

Samun allon ne ya zama aiki. Ya bincika tsofaffin da ya tara, babu. Ya buga wa abokan sana'a waya har Gusau, babu. Can sai ya tuna da Sadi mai hoto a Bakura, wanda ya taɓa gyara wa wata tsohuwar kwamfuta. Ya hau babur ya ratsa gonakin shinkafa, ya tarar da ita a jingine bayan ƙofa, an ɗora mata tabarmi. Suka buɗe, lambobin allonta suka zo ɗaya da na ƙonannen. Da Sadi ya ji ko karatun wa ake nema, bai bari Imran ya ƙarasa magana ba, ya ce ya ɗauka.

Sauya allo kawai ba ya wadatarwa. Akwai wani ɗan ƙwayar abu a jikinsa, bai kai wake ba, wanda ke riƙe da saitin faifan da aka haɗa shi da shi tun daga masana'anta. Sai an ciro na ƙonannen an dasa a sabon. In zafi ya yi masa yawa, an yi asarar komai. Imran ya rufe ƙofa da hantsi, ya kashe wayarsa, ya yi bisimilla. Ya hura masa iska mai zafi har dalmar ta saki, ya ɗaga shi da hantsaki, ya zaunar da shi a sabon gurbi. Da ya jona wuta, sai ya ji faifan ya ɗauki juyi, sumul.

Bai buɗe komai ba. Ya haɗa da batirin sola, ya shiga kwafe faifan gaba ɗaya zuwa wani sabo, domin wanda ya sha irin wannan wahala yana iya tsayawa ko yaushe. Aikin ya ci kwanaki. A wasu wurare faifan kan yi tuntuɓe, Imran ya sa a tsallake, a dawo musu daga baya a hankali. Wasu suka karantu, wasu suka ƙi.

Da ya gama, sai ya ga sunayen da Fa'iz ya sa wa karatuttukan duk sun tafi, lambobi ne kawai jere. Ya taɓa na farko. Wani dattijo ya yi gyaran murya, ya fara ta'awwuzi. Imran ya tsayar nan take. Ya ga bai dace ya riga iyalan mamacin ji ba.

Da kansa ya kai Maradun. Aka shimfiɗa tabarmi a zauren da Malam ke zama, Hajiya Sakinatu, matar marigayin, ta zauna daga bakin ƙofar cikin gida. Muryar ta cika zauren, har ana jiyo almajiransa manya suna tari a cikinta, da kukan zakara daga nesa. Aka saurara har aka kai aya. Sannan Hajiya ta share ido ta ce: "Wanga na shekarar da anka yi azumi cikin zahi ne. Ku ji yadda makoshinsa ya bushe."

Imran bai ɓoye musu kome ba. Wani yanki na tafsirin Suratu Yusuf na shekarar ƙarshe ya faɗa inda faifan ya karce, haka ma wasu darussan fiƙihu. Fa'iz ya roƙe shi ya ƙara gwadawa.

"Na gwada iyakar abin da faifan ka iya ɗauka," in ji Imran. "Wanda yat tahi, ya tahi. Amma mafi yawa na nan."

"Alhamdu lillahi," in ji Malama. "Jiya ba mu da ko harafi."

Ita da ƙanenta suka ɗauki aikin saurare, suna mayar wa kowane karatu sunansa. Imran ya yi musu kwafi uku, ya ce kada biyu su kwana ɗaki guda.

Daga nan labarinsa ya bazu. Masu binciken kammala karatu suka riƙa zuwa, da masu hotunan biki, da wani dillalin shanu daga Dakko wanda nasa faifan ke ƙara ƙas-ƙas. Wannan kam Imran ya ƙi buɗewa, domin ciwon a ciki yake, kuma ƙura ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe faifai. Ya naɗe masa shi da kyau, ya tura shi wurin wani da ya sani a Kaduna mai ɗakin da ƙura ba ta shiga.

Abin dai ya tsaya masa a rai. Yanzu haka akwai wani akwatin gilashi a kusurwar shagon, ya sa an ƙera masa don buɗe faifai ba ƙura, da fanka da matatar iska da kafofi biyu na zura hannu. Bai kammala ba, yana ta gwaji da matattun faifai. Matarsa Zuhura ta tambaye shi yaushe zai fara sa na mutane a ciki.

"Sai ranar da nib buɗe nawa na rufe, yat tashi lahiya lau," ya ce. "Kuma ranar ta kusa."