Baffa Hazim, Mun Tafi Kogi Mun Bar Ka

Ranar Talata, ashirin da ɗaya ga Oktoba, da hantsi, Allah ya karɓi ran Baffa Hazim Toromanović a gidansa da ke Bihać, yana da shekara saba'in da takwas. Zuciyarsa ce ta tsaya yana zaune a kujerarsa ta bakin taga. Daga Allah muka zo, gare shi za mu koma. Washegari bayan azahar muka raka ka makwancinka, Baffa. 'Yan ƙungiyarmu ta masu fatsa sun ce ni zan rubuta ta'aziyya tunda ni ne sakatare. Na karɓa, amma duk cikinmu babu wanda ya kai ni rashin cancanta, kuma zan faɗi dalili.

Tela ne kai, shekara arba'in kana kan keke. Idan ka rufe shago sai ka ɗauko gashin wuyan zakara da zaren siliki da ƙugiya ƙarama kamar ƙwayar shinkafa, ka ɗaure su har su zama kamar ƙwaro na gaske. Pastrmka, kifin nan mai ɗigon ja da ba ya yarda da kowa, da ya ga naka yana yawo a saman ruwa sai ya taso ya cafke. Kyauta kake raba mana su, kowa da nasa a kwalin ashana.

Kai ka koya mini jifan ƙugiya a filin ƙwallon makaranta, da jarida a hammatata don kada in ɗaga gwiwar hannu. Ranar da na fara shiga kogin Una na wurga zare baya, ƙugiyar ta maƙale a kunnenka. Na ruɗe, ina ta ba da haƙuri. Ka riƙe kunnen, jini na bin wuyanka, ka ce, “Ku zo ku ga kamun Nijaz! Kilo tamanin a jifa ɗaya. Sai dai tsoho ne, namansa ya yi tauri, a sake shi.”

Bayan yaƙi, lokacin da maƙwabci ke sauya hanya don kada ya gaisa da maƙwabcinsa, kai ka hau mota ka je har inda Radenko ya yi hijira. Radenko direban jirgin ƙasa ne, Kirista, abokin fatsarka tun kuna samari. Ka miƙa masa sandarsa ta fatsa da ka ɓoye shekara huɗu a bayan yadika, ka ce, “Asabar da asuba. Kada ka makara kamar yadda ka saba.” A kan wannan aka sake kafa ƙungiyar.

Da matata ta rasu na daina fita. Kowace Asabar sai ka zo ka tsaya a ƙofata da gahawa a fulas, ba ka tafiya sai na sa takalmi. Mu zauna a bakin ruwa, ba ka yi mini wa'azi, ba ka tambaye ni komai. Wata bakwai kana haka.

Tafiyar kaka ita ce babbar hidimarmu. Asabar ta ƙarshen Satumba, kafin a rufe kamun pastrmka, mukan cika mota mu tafi ƙauyen Martin Brod mu kwana biyu, ganye ya fara ja, ruwan kogin Unac garau har kana ƙirga tsakuwa. Kai ke dafa wake da busasshen nama a babbar tukunya, Radenko na tsaye a kanka yana cewa gishiri bai ji ba, kana korarsa da ludayi. Tafiya ashirin da shida ba ka rasa ko ɗaya ba.

Sai hannunka ya fara rawa. Zura zare a idon ƙugiya, abin da kake yi ido a rufe, ya koma sai wani ya tsaya ya yi maka. Bara kuma santsin dutse ya kwashe ka, wandonka na roba na shiga kogi ya cika da ruwa, ni da Ekrem, mai kantin magani a cikinmu, muka jawo ka da ƙyar. A asibiti muka ƙarasa wunin.

Bana, mako biyu kafin tafiya, muka zauna a shagon gahawa ba ka nan. Ekrem ya ce, “Ni fa ba zan dawo wa Inna Zumreta da gawar mijinta ba.” Radenko ya buga tebur ya ce, “To ku je ku faɗa masa ido da ido. Ko ya zo ya zauna a bakin ruwa ya dafa wake, wa ya hana?” Na ce su bar mini, zan san yadda zan yi. Na sha gaya wa kaina cewa tsoron lafiyarka ne. Akwai wannan. Amma har da gajiya, Baffa. Na gaji da jiran ka a hanya, na gaji da ajiye sandata ina ɗaura maka ƙugiya alhali kifi na tasowa a gabana.

Na kira ka a waya na ce an yi ruwa a kan duwatsu, kogi ya yi laka, an fasa tafiya bana. Ka ce, “Allah ya kai mu baɗi.” Radenko kuma na ce masa mun yi magana, kai da kanka ka ce ba za ka iya ba.

Muka sauya wurin haɗuwa zuwa gidan man da ke bakin gari don kada mu bi ta ƙofarka. Na manta likita ya sa ka tafiyar safe. Muna ɗaure sanduna a kan mota, rana ta fara fitowa, sai ga ka da hularka mai launin toka da ledar burodi a hannu. Ka dubi sandunan, ka dubi tukunyar wake a bayan mota, sannan ka dube ni.

“Ashe lakar ta kwanta, Nijaz.”

Na ce, “Baffa, shiga mu tafi mana, akwai wuri.” Ni kaina na ji yadda maganar ta fito ba lakka.

Ka ɗaga ledar ka ce, “Da silifas? Zumreta na jiran burodi. Ku fara da ƙasan tsohon injin niƙa kafin rana ta hau, ku sa ƙaramin ƙwaron nan mai ruwan toka. Radenko, kada ka kusanci gishirin nan.” Ka juya ka tafi a hankali, ledar na karkarwa a hannunka.

Mun kama kifi a tafiyar nan fiye da kowace shekara, a daidai inda ka ce. Radenko bai ko haɗa sandarsa ba. Ya wuni a kan dutse yana shan taba, da na kai masa abinci ya ce, “Kai, kau da fuskarka daga gabana.” Waken ya kama, rabinsa muka zubar.

Da muka dawo na ce gobe zan zo in ba ka haƙuri. Sau biyu ina isa kan layinku in juya. Kwana ashirin da biyu ina cewa gobe.

A zaman makoki Inna Zumreta ta riƙe hannuna ta ce, “Nijaz ɗana, ya tausaya muku ƙwarai. Ya ce duk shekara kuna ɗokin tafiyar nan, ga shi ruwa ya ɓata muku ita bana.” Sai a lokacin na gane ba ka gaya mata ka gan mu ba. Ka ɗauki ƙaryata ka kai gida ka riƙe ta, don kada matarka ta ga baƙinmu. Na sunkuyar da kai na karɓi gaisuwarta.

Ranar bakwai na koma ni kaɗai na faɗa mata duka. Ta dubi kujerarka ta bakin taga. Can ta ce, “Ranar da ya dawo da burodin nan ya zauna a kicin, bai taɓa karin kumallo ba. Na tambaye shi, ya ce ƙafa ce ke ciwo.” Ta tura mini kofi ta ce, “Sha gahawarka.” Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban ga fuskar roƙa ba. Ta dai yarda in rubuta, shi ya sa na rubuta, don kada a yaba wa ƙungiyarmu da zumuncin da kai kaɗai ka riƙe shi har ƙarshe.

A madadin 'yan ƙungiya ina miƙa ta'aziyya ga Inna Zumreta, da 'yarku Belkisa da mijinta da jikoki, da Radenko wanda ya rasa ɗan'uwa. Allah ya ba ku haƙuri da dangana. Allah ya jiƙan Baffa Hazim, ya yalwata kabarinsa, ya haskaka shi, ya sanya shi a Aljanna inda ƙoramu ke gudana. Ya Allah, ka gafarta masa kurakuransa. Ƙaryar nan da ya yi wa matarsa don ya rufa mana asiri, tawa ce, ka rubuta ta a kaina. Amin.