Layi Ɗaya Da Na Goge

A lokacin ina gyaran kwamfuta a Yendi, kuma ina ji da kaina, don tun daga Bawku, garinmu, ake aiko mini da abin da ya gagari wasu. Kawuna na Salaga ya kira ni kan tsohuwar kwamfutar da yake ɗaukar hoton takardun ajami na kakanmu da ita. Takardun sun ruɓe, wasu da an buɗa su sai su marmashe, saboda haka yawancinsu sau ɗaya suke ɗaukuwa. Ya ce kwamfutar tana sandarewa in aiki ya yi yawa.

Na gano matsalar tana cikin direban hoto, wato manhajar da ke zana abin da ake gani a allo. In ƙwaƙwalwar kwamfuta ta cika, akan nemi direban ya mayar da wurin da ya ara a cikinta, shi kuma sai ya tsaya jiran zanen ya ƙare tukuna. A wannan jiran take sandarewa. Maimakon in binciko abin da ke tsawaita jiran, sai na goge layin umarnin da ke sa direban jira gaba ɗaya. Kwamfuta ta kama gudu. Wata abokiyar aikina ta ce in cika ƙwaƙwalwar da gangan in gwada, na ce mata ba a koya wa kifi iyo.

Ashe direban yana mayar da wuri alhali ana kan rubutu a cikinsa, kamar a ba baƙo ɗaki mai fenti bai fita ba. Wata uku hotunan kawu suna shiga wurin suna lalacewa shiru, har waɗanda yake kwafewa ya adana. Ranar da ya buɗe su, rabin shafukan sun zama zane-zanen kore. Wasiƙun kakanmu sun tafi, takardun kuma sun riga sun zama gari.

Da ya tambaye ni, na ce ɗauke wuta ne. Ya ce haka Allah ya so, ya gode mini da wahalar da na sha. Wannan godiyar ita ke cina har yau.

Masu sana'a irin tawa, in kun ga jira a cikin aikin wani, ku tambayi abin da yake karewa kafin ku cire shi. In kuma kun yi ɓarna, ku faɗa da wuri. Kawu ya rasu bara yana sa mini albarka, ban gaya masa ba.