Abin da Goggo Ta Bari a Asibiti

Goggo, Wanda ya ba mu ke ya karɓi abinSa ranar Talata da hantsi, tara ga wannan wata, bayan shekara uku kina fama da ciwon daji.

Ba na iya magana a cikin mutane, kin sani, shi ya sa nake rubutawa. Ke kika ɗinka mini kayan makaranta da hannun da ke kumbura. Da na ce ki huta, cewa kika yi, "Shiru-shiru, miƙo almakashi, keken bai ce ya gaji ba."

Ni nake raka ki asibiti. Bayan an cire miki ƙari a nono, likita ta sa ɗan yankinsa a gilashi, ta ce mu leƙa ta madubinta mai ƙara girman abu. Muka ga ɗigo-ɗigo sun taru gungu-gungu. Ta ce sojojin jikinki ne suka kafa sansani a cikin ƙarin, kuma sau da yawa magani ya fi karɓar masu irin wannan. Kika yi dariya, kika ce, "Ashe har da 'yan sintiri a cikina!" Ta roƙi a bar musu yankin su yi bincike, ko su gane dalilin da wasu ba su da wannan gungu. Kika sa hannu.

Shekaranjiya a zaman dangi Kawu, yayanki, ya ce a je a karɓo yankin a binne, wai cikin zafin ciwo kika sa hannu, ba ki san abin da kike yi ba. Ina bakin ƙofa, sai na matso ciki.

Na ce, "Kawu, ta sani. Ina wurin. Cewa ta yi matar da ke gadon kusa da nata ba ta da sojojin, a bar shi ko 'yar matar ta amfana."

Ya ce, "Yau ke ce da baki?"

Har yanzu bai yanke ba. Jibi za su sake zama, kuma zan sake faɗa, ko sau nawa ne.

Allah Ya jiƙanki, Ya sa jinyarki ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinki. Kaka da Baba da yaranki, Allah Ya ba su haƙuri. Kawu ma, da ya fi kowa kuka, Allah Ya sanyaya zuciyarsa ya bar miki kyautarki.